Jirgina a Tafkin da Aka Rufe

Ni dai ban taɓa daɗewa a wuri ɗaya ba. Makaranta a aji biyu na sakandare na bar ta. Ba korata aka yi ba. Wata safiya ce kawai na sa kayan makaranta na fita, na zo ƙofar na wuce ta, ban tsaya ba sai bakin kogi. Baba ya kai ni Haɗeja wajen mai walda, idona ya fara ciwo, na gudu. Na yi faci, na tura kura a kasuwa, na yi yaron mota. Ko'ina in na kwana biyu sai in ji ƙafata tana ƙaiƙayi, in tattara in koma ƙauyenmu a hanyar Kirikasamma, in zauna ana kallona.

Abu ɗaya ne ya taɓa zaunar da ni tun hantsi har la'asar ban motsa ba, shi ne haɗa jirgin sama na danƙo.

A shagon cajin waya na fara ganinsa. Abokina ne ke tsaron shagon, kuma gaskiya shi kaɗai ne abokin nawa. Ya nuna mini wani bidiyo na wasu tsofaffin Turawa masu furfura a wani fili mai ciyawa, kowa da ɗan jirginsa na takarda. Ba inji, ba batir. Mutum zai tsaya ya yi ta murɗa farfela da yatsa, danƙon da ke cikin jirgin yana nannaɗewa, sai ya sake shi. Abin ya tashi a hankali yana kewaye kamar shirwa. Abokina da ya ɗan fi ni Turanci ya ce wai samfurin da ne, irin wanda tsofaffin suka yi wasa da shi suna yara, shi suke sake ginawa yadda yake, ba sa canza masa komai. Ni ban ji ko kalma ɗaya ba. Tsayar da bidiyon nake yi in ƙura ido, in sake, in tsayar. Akwai wani mai ƙaton ciki kamar tarwaɗa, fiffikensa a saman gadon baya, bakin fiffiken ya ɗan ɗaga sama. Shi ya shiga raina.

Icen da suke yi da shi babu irinsa a nan. Na koma tukurwa. In ka fere ɓawon, cikinta ba nauyi, kana tsaga ta da reza siri-siri kamar tsinken tsintsiya. Haƙarƙarin fiffike da totuwar kara na yi. Takarda kuwa irin farar nan shara-shara da ake samu a cikin kwalin sabon takalmi, wajen wani mai takalma nake roƙowa, yana ba ni yana girgiza kai. In na manna ta da ƙaro sai in guntsi ruwa in fesa mata da baki kamar mai guga, in ajiye a inuwa. Tana bushewa za ta ɗame kamar fatar ganga. Farfela ita ta fi ba ni wahala, sai da na gano sakaina. Fasasshiyar ƙwarya dama a lanƙwashe take, kankare ta kawai za ka yi har sai ka ɗaga ta a rana ka ga haske.

Danƙo shi ne matsalar. Tif ɗin keke ba ya jure murɗa, ɗan kaɗan ya ƙage. A wani gwaji na shafa masa baƙin mai, yadda muke wa sarkar keke da injin ban ruwa, wai don ya yi santsi. Washegari na tarar ya kumbura ya narke kamar ƙullin tuwo. Jiragena na farko duk tsalle suke yi kamar fara, su daki ƙasa da hanci.

A cikin haka abokina ya tafi Kudu neman aiki. Bayan wani lokaci wani direban babbar mota ya aiko a kira ni tasha, ya miƙo mini gwangwanin madara an ɗaure shi da leda. Ina buɗewa na ga danƙo, dogo, siriri, launin ƙasa, an barbaɗe shi da hoda. Irin na tsofaffin nan ne sak. Ban san inda ya samo shi ba. Na kira shi a ranar, ya yi dariya ya ce, "Kai dai ka tashi jirginka, mahaukaci. Kar ka bar shi a rana, kar ka sa masa mai, sabulu ake shafa masa." Daga wannan kiran layinsa bai sake shiga ba. 'Yan gidansu ma sun ce haka suke fama. Ba wanda ya ce ya mutu, ba wanda ya ce ya gan shi.

Danƙon nan a gindin randa nake ajiye shi, cikin jiƙaƙƙen yashi, inda Inna take ajiye goronta. Na gina masa jirgi na musamman, mai cikin tarwaɗar nan, na yi ta gyara har na daina jin kunyarsa. A bayan gari nake gwada shi da sassafe, murɗa kaɗan, ya ɗan yi kewaye ya sauka. Ni kaɗai nake zuwa. Samarin garinmu sun gama da ni tuntuni, wai gardi da gemu yana wasan motar kara.

Ranar da abin ya faru bazara ta yi nisa, zafi ya kai inda ya kai. Ruwan kogi ya janye ya bar fadama a bushe, ƙasa ta tsattsage, sai tafkuna nan da can. Na tafi can nesa inda ba bishiya, ba mutane. Na ce yau sai na ga iyakarsa. Na shafa sabulu, na yi ta murɗawa, danƙon ya yi ƙulli-ƙulli layi ɗaya, ya hau na biyu, har na ji jikin jirgin yana ɗan ƙara a hannuna. Na yi bisimilla na sake.

Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Ya miƙe sama kamar ana jan sa da zare, ya kwanta ya fara kewaye. Farfelar ta gama juyi ta tsaya, na ce to yanzu zai sauko. Bai sauko ba. Akwai shirwa guda biyu suna shawagi a sama ba sa kaɗa fiffike, ashe iskar zafin da ke ɗauke da su ita ta kama shi. Ya yi ta hawa. Rana tana ratsa takardar, ina ganin haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya. Na waiwaya in ce wa wani "ka gani?" Ba kowa, sai shanun wasu Fulani can nesa.

Sai na ga iska tana tafiya da shi gabas. Na zuba da gudu, kai a sama, ƙafa tana faɗawa tsagar ƙasa, takalmina ɗaya ya tsinke na bar shi. Daga nesa na ga ya fara sauka, a hankali, ba gaggawa, har ya je ya kwanta a kan wani cunkus na kacala, ciyawar nan ta cikin ruwa, a tsakiyar babban tafkin garinmu. Ya zauna daram, fiffike a buɗe, fari fat a kan koren ciyawa.

Wannan tafkin ba a shiga. Duk shekara in ruwa ya janye sarkin ruwa yakan rufe shi, kifin da ya maƙale a ciki ya yi ta girma, sai ranar da ya ga dama ya buɗe a yi su, wato kamun kifin gayya, gari duka a shiga tare. Kafin ranar ko ƙafa ba a tsomawa. Wanda aka kama a ciki za a ƙwace gorarsa da komarsa, kuma gidansu kaf ba mai shiga su a shekarar. Na san haka tun ina goye. Amma a lokacin na manta, har na fara naɗe wando.

"Kai! Ɗan nema! Tsoma ƙafar in gani."

Mai gadin tafkin ne, a zaune a gindin giyayya da sandarsa. Tsoho ne, abokin marigayi kakana, don haka tun ina ƙarami wasan jika yake yi da ni.

Na ce, "Kaka, ba kifi zan kama ba. Jirgina ne ya faɗa."

"Naka ne? Ni na ɗauka balbela ce ta sha ƙwaya. To matuƙin yana ciki ko ya yi tsalle?"

"Don Allah Kaka. Yanzu zan je in dawo."

"Yanzu za ka je ka dawo, gobe ubanka ya zauna a gida yana jin kiɗan su daga nesa. Sauke wandon nan, ƙafafu kamar na zalɓe."

Na ce ai ba wanda zai gani. Ya ɗaga sandarsa ya nuna idonsa na dama, wanda yanar ido ta rufe, sannan ya nuna na hagu. "Wannan ya mutu. Wannan yana nan. Shi aka ba wa amana."

Washegari na sayi goro na tafi wajen sarkin ruwa. Na tarar da shi a zaure yana gyaran koma. Na durƙusa na gaishe shi, na yi bayani. Ina magana ina jin yadda maganar take fita, wai jirgin takarda, wai danƙo ba ya son rana. Bai yi dariya ba, na gode masa da wannan. Ya karɓi goron ya ce, "Yaro, na ji ka. Amma in na buɗe maka saboda takarda, gobe wani hularsa ce iska za ta jefa, jibi wani akuyarsa. Kowa kuma sai ya fito da wani abu a cikin riga. Ka yi haƙuri."

Na ce, "Ranka ya daɗe, to yaushe za a buɗe?"

"In ruwan ya kai."

Ba a faɗin ranar sai ta matso. Shi kaɗai yake duba ruwan ya sani.

Daga nan rayuwata ta koma bakin tafki. Ni da ba na iya zama, kullum sai ga ni a gindin giyayya. Daga wurin ana hango jirgin sosai. Da safe in rana ta fito ta bayansa yakan yi haske kamar an kunna fitila a ciki. Da azahar kuwa, lokacin da rana take tsakiyar ka, sai in ji kamar a jikina take. Na san abin da take yi wa danƙon. Abin da nake gaya wa kaina shi ne ai a cikin jirgin yake, takarda ta yi masa inuwa, ga sanyin ruwa a ƙasa.

Na gwada dabaru. Na haɗa dogayen karare na ɗaure su, ba su kai ko kusa ba. Na ɗaura dutse a zaren ɗinki zan jefa, tsoho ya ce in dutsen ya faɗa ruwa ya firgita masa kifi zai jefa ni in bi shi. Na zauna ina roƙon iska ta taso ta ture shi zuwa gaɓa. Da ta taso sai ta ƙara cusa shi cikin kacalar. Wata rana wani ɗan tsuntsu ya sauka a kan fiffiken, na miƙe ina ihu ina tafi.

"Bar shi mana," in ji tsoho. "Fasinja ka samu. Tun da ka fara sana'ar nan wa ya taɓa hawa?"

Ba kullum yake tsokana ba. Yawancin lokaci shi yana kallon ruwa yana jan carbi, ni ina kallon kacala. In jikarsa ta aiko da fura yakan sha ya turo mini ƙwaryar da ƙafa. Sau ɗaya ya tambaye ni, "Wai ba za ka iya yin wani ba ne?"

Na ce jirgin zan iya, danƙon ne babu.

"A kasuwar Haɗeja kaf?"

"Babu. Aiko mini aka yi."

"To a sake aikowa."

Na ce mai aikowar ba a san inda yake ba. Ya kalle ni da idon nan nasa guda, ya ci gaba da jan carbinsa. Bai sake tambaya ba.

A gari kuwa magana ta fara yawo. Wasu suka ce leƙen inda kifi ya fi taruwa nake yi. Wasu suka ce mutanen ruwa ne suka shafe ni, shi ya sa nake zama ina magana ni kaɗai. Inna ta fara turara mini ɗaki. Baba ya tare ni a zaure bayan magariba.

"Me kake nema a tafki?"

Na faɗa masa.

Ya ce, "Na kai ka wajen walda, na kai ka wajen faci. Duk ka kasa zama. Yau ga shi ka iya zama, a gaban ruwan da aka hana." Ya miƙe zai shiga gida, ya tsaya a bakin ƙofa. "Ni ban taɓa rasa shiga su ba tun ina saurayi. Kar ka sa in rasa."

Na ce, "In sha Allahu, Baba."

Ba zan ce ban yi tunanin shiga a ɓoye ba. Lokacin sallar Juma'a bakin tafki ba kowa, tsoho ma yana masallaci. Na taɓa tsayawa a irin wannan lokacin, yatsun ƙafata a kan jiƙaƙƙen laka, ruwan yana nan gabana kwance, kifi yana ta ɓulɓul. Na tsaya har na ji an sallame, na juya.

Sai hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma. Ya haɗu, ya yi baƙi, iska ta watsar da shi. Manoma suna murna, ni ina tunanin jirgina. Ruwa ɗaya ya ishi takardar nan. Ranar da aka yi yayyafi har ƙasa ta yi ƙamshi, ban iya cin tuwo ba. Da na je da safe fiffike ɗaya ya saki ya lanƙwashe, farin ya koma ruwan ƙasa.

A makon ne mai shela ya zaga gari ya faɗi ranar buɗe tafki.

Ranar su tun da hantsi bakin tafki ya cika, har da mutanen ƙauyukan kewaye. Kowa da gorarsa, irin ƙatuwar nan da ake kifa ciki a kai a yi iyo, ga homa, ragar kamun kifi, a hannu. Mata da yara a baya da kwanduna, makaɗa suna ta yi. Baba ya ba ni tsohuwar gorarsa da homa ɗaya. Na tsaya a layi, kafaɗa da kafaɗa da samarin da ba sa yi mini magana. Kowa idonsa a kan ruwa, nawa a kan kacala.

Sarkin ruwa ya yi addu'a, ya ɗaga hannu, aka buga ganga. Ban san lokacin da na yar da homar a gaɓa ba. Ruwan da ya daɗe kwance ya hautsine gaba ɗaya, ihu, laka, kifi yana tsalle yana dukan fuskar mutane. Na kifa ciki a kan gora na yi ta tunkuɗa da hannu da ƙafa. Wata ƙatuwar tarwaɗa ta goge ni a cinya, na ƙyale ta. Wani ya daka mini tsawa, "Kai, ina homarka? Da baki za ka kama?" Wani ya amsa masa, "Ƙyale shi, filin jirgi za shi!"

Mutane sun riga sun kewaye kacalar suna dukanta da sanduna don kifin da ya ɓuya ya fito. Na kutsa tsakaninsu ina cewa ku tsaya, ku tsaya, ba mai ji. Ganyen ya yanyanka mini hannu. Na miƙa na kamo jirgin ta wutsiya, sanda ta sauka daidai inda yake kwance.

Komawar ta fi wuya. Hannu ɗaya a sama riƙe da shi, ɗaya yana iyo, gora tana juyawa da ni. Duk wanda na wuce sai ya watso ruwa, ba da gangan ba, ba wanda ma ya lura. Ina jin takardar tana jiƙewa tana manne mini a yatsu. Kafin in kai gaɓa fiffiken da ya saki ya tafi, na ga guntunsa yana yawo a bayan wani mai homa.

Na fito na zauna a gindin giyayya ina haki. Tsoho yana nan, aikinsa ya ƙare, ya miƙe ƙafa. Ya miƙo hannu na ɗora masa. Ya ɗaga, ya sauke, ya sake ɗagawa.

"Wannan ne? Ai ba komai a ciki. Ko kazar da aka fige ta fi shi nauyi." Ya juya shi yana leƙa cikinsa. "Kai ka yi duk waɗannan ƙananan ƙasusuwan?"

"Ni na yi."

"Hm." Ya taɓa farfelar da yatsa. "To murɗa in ga abin da ya zaunar da kai."

Na leƙa ta inda takarda ta yage. Danƙon yana nan a rataye, daga ƙugiyar gaba zuwa ta baya, launinsa ya ɗan yi duhu amma bai tsinke ba. Na goge hannuna a riga, na riƙe hancin jirgin, na fara murɗawa a hankali. Ya karɓa. Na ƙara. Ƙullin farko ya fara fitowa.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an karya tsinke. Danƙon ya tsinke a tsakiya, ya zabura baya ya farke cikin jirgin, ya kakkarya tukurwar. Na jawo guntun da ya rage a ƙugiya, na ɗan ja shi, ya sake rabuwa. Duk inda na taɓa sai ya marmashe. Abin da ya saura a tafin hannuna kamar ɓarzajjen ƙuli-ƙuli.

Tsoho bai yi tsokana ba. Ya buɗe baki zai yi magana, sai aka ƙwala masa kira daga wajen sarkin ruwa, an fara fito da kifi ana ware kason masu gadi. Ya dafa kafaɗata ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Na zauna ina tsince guntayen daga cikin jirgin ɗaya bayan ɗaya, ina tarawa a kan gwiwata. A cikin ruwa ana ta ihu, wani ya kama babba. Can na hango Baba tsaye ruwa iya ƙirji, ya ɗaga homarsa cike, yana waige-waige yana neman ta inda zan ɓullo in karɓa.